Illo Dakar da Firigo Mai Kiɗa

A unguwarmu ta Lazare, nan Yamai, idan ka ce Illo kawai ba wanda zai gane wanda kake nufi, sai ka ce Illo Dakar. Ba can aka haife shi ba, Bagobiri ne ɗan Tsibiri. Shekara goma sha biyar da suka wuce ne buronsu, wato ofishin da yake aiki, ya tura shi Dakar koyon aikin ordinater, wato kwamfuta, na mako biyu, kuma mako biyun nan har yau ba su ƙare ba. Ko maganar ciwon haƙori ake yi a fada, sai ya gyara zama ya ce, "Lokacin da nike Dakar..."

Ni Amina, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, gajera kuma, wadda ba ta ɓoye sirrin kowa. Matarsa Hajjo aminiyata ce. Maigidana kuwa, wanda 'yan fada ke kira Isaka, Bazabarme ne, saboda haka taubashin Illo ne, yana da izinin ya faɗa masa duk abin da ya zo bakinsa ba tare da an yi fushi ba. Ban taɓa ganin ranar da ya bar izinin nan ya huta ba.

Mu mata talatin da biyu muna da foyandi, wato wunin da muke yi Asabar ɗin farkon kowane wata a gidan ɗayarmu, a ci, a sha, a taka rawa. Kafin zagayen ya dawo kanki sai an kusa shekara uku, don haka ranar da ya faɗo gidanki ita ce ranar da za a auna ki. Abu biyu ne mata ba sa yafewa: abin sha mai ɗumi, da gida shiru. Bana ya faɗo wa Hajjo a tsakiyar bazara, lokacin da ko kaza ba ta yarda ta taka rana. Ga shi kuma mahaifiyarta, Hajiya Kadi, ta aiko cewa za ta taso tun daga Damagaram don ta ga wunin 'yarta.

Hajjo ta riga ta yi magana da Kabiru mai sono, wanda ke yi mana kiɗa kullum. Da Illo ya ji, sai ya tafa hannu.

"Kabiru? A gidan mutumin da ya yi Dakar? Haba Hajjo, so kike a yi mini dariya a buro?"

"Baban Faisal, ni dai kiɗa nike so, wanda ba ya tsayawa."

"Za ki samu wanda ba a taɓa ji ba a Lazare. Ba wanda zai ɗaga ko ɗan yatsa. Ki ce ma Kabiru ya huta."

Hajjo ta dube shi. Shekara ashirin da biyu tana zaune da shi, ta san inda irin wannan magana take ƙarewa. Amma ta kuma san abin da ke cin ransa: tun ranar da aka ɗaura musu aure Hajiya Kadi ba ta taɓa yabon wani aikin hannunsa ba. Idan za ta ambace shi, cewa take "mai bayanin nan". Tausayi ya kama Hajjo, ta kira Kabiru ta sallame shi, nan take wasu masu biki a Gaweye suka ɗauke shi.

Da la'asar Illo ya fito fada da abin a tafin hannu. Wani ɗan allo ne kore, tsirara, bai kai sabulun wanka girma ba. Wani abokin aikinsa, Abdoulkarim, ne ya kawo masa daga tafiya, ya kuma zuba masa duk abin da ake zubawa a ciki, amma wannan ɓangaren Illo bai ga dalilin ambatonsa ba.

"Wanga da kuke gani," in ji shi, "cikakken ordinater ne. Zan haɗa shi da ampili mai ƙara sauti da bafil na gida, lasifika ke nan, shi kama wifi. Daga nan duk waƙar da na taɓa a portabul, ko ina ɗaki ko ina nan fada, ta iska za ta bi ta hito a bafil. Ba fil, ba jan igiya."

Maigidana ya karɓa ya juya shi. "Bagobiri, wanga ba cikin tsohon rediyo ka ciro shi ba?"

"Kai da ka san kihi da shinkafa kawai, mi ya haɗa ka da kimiyya?"

"Fofo, sannu enjeniyer. Mu dai muna nan, kunne biyu."

Gaskiya ɗaya zan faɗa don Allah: ranar farko abin ya yi aiki. Illo ya sa mai gyaran rediyo ya liƙe fil, wato igiyar ampili, da dalma a jikin allon, ya zauna a fada, ya taɓa portabul, wato wayar hannunsa, kiɗan gurmi ya tashi daga cikin gida. 'Yan fada suka yi ta salati. Daɗi ya kwashe Illo har ya ɗauko kan fil ɗin nan da a da ake sokawa a portabul, wanda mai gyara ya datse, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya wurga shi kwata. Ya ce an gama da zamanin jahiliyya.

Da ya tsaya nan, da ba ni da labarin ba ku. Amma Illo ya dubi allon ya ga tsirara yake, kuma a wajenmu abu mai daraja ba a barinsa tsirara. Wuƙa tana da kube, madubi yana da gida, littafi yana da gafaka. Sai ya ɗauki abin ya kai wa wani baduku ɗan Damagaram a kasuwa, ya ce a ɗinke shi ruf cikin jar fata mai ado, irin aikin garin surukarsa, a bar ƙofar fil biyu kawai. Baduku ya yi aiki tsakaninsa da Allah, ko iska ba ta samu wurin shiga ba.

"Af, ashe laya ce," in ji maigidana da ya gani. "Ta tsarin mi? Ta maganin cika baki?"

"Ta maganin hassadar Zabarmawa."

Aka kunna. Minti goma kiɗa yana tafiya lafiya, sai mawaƙin ya fara in-ina, ya maimaita kalma ɗaya sau bakwai, ya yi shiru. Illo ya taɓa layar ya janye hannu da sauri yana hura yatsa. Ta yi zafi kamar dutsen guga.

"Zafin Yamai ne," in ji shi. "A Dakar akwai iskar teku."

Ba wanda ya isa ya ce masa fatar ce. Ya kafa mata banti, wato fanka, ta ƙara minti biyu ta mutu. Ya ɗora ta a kan murfin randa ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, akuyar gidan ta zo ta fara gwada haƙori a kan adon. Ya zauna yana yi mata fifita da mafici kamar mai jinyar jariri, har Hajjo ta leƙo katanga ta ce mini, "Amina, shekara ashirin da biyu ko ina zazzaɓi bai taɓa yi mini haka ba."

Ranar Laraba, saura kwana uku, dabara ta faɗo masa. Hajjo tana da wani babban firigo a baranda, irin mai murfi a sama kamar akwatin ƙarfe, inda take sanyaya bisap, wato zoɓo, da lemun tsamiya da dage, nonon nan mai gero. Da ta tafi kasuwa, Illo ya sa layar cikin wata robar abinci, ya naɗe da leda, ya tura ta can kusurwar ƙasa, ya zaro fil biyun ta baya wajen bango inda ido ba ya kaiwa. Da Hajjo ta dawo ta ga ƙunshin, ya ce mata maganin basir ne aka aiko masa daga Tsibiri, kada a taɓa. Ba ta ƙara tambaya ba.

Ya kunna, murfi a buɗe yana kallo, kiɗa ya tashi tangaram. Ya jira minti ashirin, ba in-ina. Ya rufe murfin, ya fito tsakar gida yana taku ɗai-ɗai. Kiɗan ya biyo shi taku biyar, shida, sannan ya ɗauke.

Abin da Illo bai sani ba, kuma mu duka ba mu sani ba a lokacin, shi ne wifi ba ya ratsa akwatin ƙarfe. Murfi a buɗe, abin yana ji. Murfi a rufe, sai ya ƙarasa 'yar waƙar da ta riga ta shiga cikinsa ya yi shiru. Wannan ɗan jinkirin ne ya ɓatar da enjeniyer, don bai taɓa haɗa rufewar murfi da mutuwar kiɗa ba.

Ya yi ta yawo a tsakar gida yana ɗaga portabul. Ya je gindin dogon yaro, shiru. Ya je bakin famfo, shiru. Ya hau turmin Hajjo da ke kife ya miƙa hannu sama, kuma daidai wannan lokacin Hajjo ta buɗe firigo za ta zuba bisap. Kiɗa ya fashe.

"Na kama shi!" Illo ya yi ihu. "Rezon wifi a sama yake! Hajjo, kin gani?"

Hajjo ta rufe firigo ta fito ta gani. Illo ya sauko don ya yi mata bayani, kiɗa ya mutu. Ya sake hawa, ita kuma ta koma ta ci gaba da zuba kayanta, kiɗa ya dawo. To wa zai ƙara gaya masa wani abu? Kwana uku Hajjo tana shiga da fita firigo saboda shirin wuni, kwana uku Illo yana hawa da sauka turmi. Idan ya hau aka yi shiru, sai ya ce bai miƙe hannun sosai ba. Har alli ya samo ya zana da'ira a inda turmin zai zauna.

"Ka ce ba wanda zai ɗaga ɗan yatsa," in ji maigidana ta kan katanga. "Ga shi kai ka ɗaga hannu har hammata."

"Reglaj ne, jahili, saiti nike yi. Ranar Asabar za ka gani."

Asabar ta zo. Ranar foyandi namiji ba ya zama a gida, saboda haka Illo ya mirgino turmin zuwa tsakar gidanmu, ya jingina shi da katanga. Daga nan wifi ɗinsa yana kaiwa, kuma idan ya hau yana hango barandarsa. Maigidana ya ɗauko kujera da kayan shayi ya zauna kusa, ya ce ko sinima aka buɗe kyauta ba zai je ba yau.

Farkon abin ya yi kyau har ya ba ni tsoro. Muna ta kwaso abin sha daga firigo muna jerawa a bahon ƙanƙara, murfi a buɗe kusan rabin awa, kiɗa yana tashi har bakin titi. Mata suna shigowa da anko ɗinmu shuɗi, kowa tana rausaya tun daga zaure. Shugabarmu, Madam Zahra'u ta Kirkisoy, wadda ba ta cika yabo ba, ta duba ko'ina ta ce, "Ina mai sonon ya ɓuya?" Hajjo ta ce, "Babu mai sono, aikin Baban Faisal ne." Na ga yadda ta faɗe shi, da ɗan ɗaga kai, na ji daɗi har raina.

Sai Hajiya Kadi ta fito daga ɗaki.

Tsohuwa ce mai jiki, ga ciwon gwiwa, ga gajiyar motar Damagaram. Aka nuna mata tabarma, ta ce idan ta zauna ƙasa sai an kira mutum huɗu su tashe ta. Aka nuna mata kujerar roba, ta dube ta ta ce ba ta yarda da ƙafafunta ba. Ta waiga ta ga firigo, tsayinsa daidai, ga inuwa. Ta sa hannu ta rufe murfin, ta shimfiɗa sallayarta a kai, ta hau ta zauna, ta ce, "Alhamdu lillahi, nan ne wurina."

Mata shida suna tsakiyar fili, an ɗaga ƙafa za a sauke, kiɗa ya ɗauke.

Muka jira. Can ta kan katanga sai ga hannu ya fito riƙe da portabul, yana karkatawa gabas, yana karkatawa yamma. Shiru. Hannun ya ƙara tsawo, alamar mai shi ya yi ɗage. Shiru. Minti goma, minti ashirin. Ba ka jin komai sai ƙarar cokali da mafici.

Wata ta ce ƙishirwa take ji, ruwan baho ya ƙare. Hajiya ta sauko da ƙyar, aka ɗaga murfi, kiɗa ya fashe daga bafil ɗin da ke dab da kunnenta. Tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "A'uzu billahi!" Mata suka zabura fili. Aka ɗebi ruwa aka rufe, Hajiya ta koma ta zauna, kafin a yi juyi biyu kiɗa ya mutu. Aka sake yin haka da za a ɗauko dage. Wata 'yar garin Tawa ta ce, "Kun lura? Kiɗan nan yana da ladabi. Da Hajiya ta zamna sai shi yi shiru."

Aka yi dariya, amma Hajjo ba ta yi ba. Madam Zahra'u ta duba agogo ta ce, ba da ƙarfi ba amma yadda kowa zai ji, "Wata ukku da sunka wuce a Kirkisoy har takalmina ya tsinke don rawa." Na ga Hajjo ta shige madafa tana goge ido da bakin gyale. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zagaya gidana da niyyar in wanke Illo tas.

Na tarar maigidana ya riga ni. Shi ma ya hau kujera yana leƙe, kuma idonsa ya ga abin da na enjeniyer bai gani ba.

"Bagobiri, sauko. Ina ka ɓoye layar?"

"Sirrin aiki ne."

"Sau biyu tsohuwa ta tashi, sau biyu an yi kiɗa. Kai kuwa tun hantsi kake bisa turmi kamar zakara. Ina layar?"

Illo ya dubi firigo, ya dubi surukarsa a kai, ya dubi turmin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Na ga lokacin da abin ya shige shi. Ya sauko a hankali ya zauna a ƙasa.

"Tana ciki," in ji shi da 'yar murya.

Maigidana ya yi dariya har shayi ya fito masa ta hanci.

To ga inda gizo ke saƙar. Da wani ne zaune a kan firigon, magana ɗaya ce, a ce ya tashi. Amma surukarsa ce. Shekara ashirin da biyu Illo bai taɓa haɗa ido da ita ba, bai taɓa cin abinci a gabanta ba. Gaisuwa ma daga bayan labule yake durƙusawa ya yi ta. Yaya zai aika a ce mata ta tashi daga inda ta zauna a gidan 'yarta? In kuwa ya faɗi dalili, asirin maganin basir ya tonu a gaban mata talatin da biyu.

"Amina, don Allah," in ji shi, "ki kai mata babbar kujerar falo."

Na kai, mu biyu muka ɗauko ta. Hajiya ta ce ta yi laushi, irin wannan ce ke haɗiye mutum.

"Ki ce mata zama bisa ƙarhe mai sanyi yana kawo sanyin ƙashi."

Na faɗa. Hajiya ta ce, "Tun daga Damagaram nike gasuwa cikin mota. In sanyin ya ga dama ya shigo, ina maraba."

"Ki ce mata lokacin salla ya yi."

"Wannan kuma ba da bakina ba," na ce masa. "Azahar an yi, la'asar da saura. Ka tashi ka hwaɗi gaskiya, matarka tana kuka a madafa."

Da ya ji haka ya miƙe, na ɗauka gaskiyar zai faɗa. Ashe wata dabarar ce ta zo. Akwai ɗan ɗakin ajiya a gidansu mai ƙofa ta lungu, tagarsa tana buɗewa daidai gefen firigo. Illo ya fizgi muciyata ya zagaya. Lissafinsa shi ne, idan ya soka bakin muciya a ƙarƙashin murfin ya danna, zai ɗaga ko da faɗin yatsa biyu ne, rezo ya samu hanya, Hajiya ba ta sani ba.

Na koma cikin mata da sauri don kada a ba ni labari. Ina kallo bakin muciya ya leƙo ta taga, ya lallaɓa, ya shige ƙarƙashin murfi. Aka danna. Hajiya ta ɗan karkata gefe ɗaya, bafil ya yi tari ya saki kalma biyu ya yi shiru. Tsohuwa ta gyara zama. Aka sake dannawa da ƙarfi, har muna jin nishi. Hajiya ta tashi sama kaɗan kamar mai hawan jaki, kiɗa ya ce "ayyaraye", ta dawo ƙasa dam.

Ba ta yi ihu ba. Ta duba gefenta a natse, ta ga muciya, ta kama ta da hannu biyu, hannun da ya shekara hamsin yana tuƙa tuwo, ta fizga. Muciya ta taho, hannu ya biyo ta, kafaɗa ta biyo hannu, sai ga kan Illo Dakar ya fito ta taga, hula ta faɗi a cinyar surukarsa. Tsakanin hancinsa da nata bai kai taki ɗaya ba.

Illo ya runtse ido, tunda ba shi da labule.

"Ina wuni, Hajiya," in ji shi. "An zo lahiya?"

Hajiya ta kau da kai, ta dubi sama, ta yi magana da iska kamar yadda ta saba idan da shi take. "A tambayi mai bayanin nan, mi na yi mishi zai kwashe ni da muciya kamar tuwo?"

Mata suka zube. Wata ta faɗi a kan tabarma tana dukan ƙasa, Madam Zahra'u ta cire tabarau tana share hawaye. Ta kan katanga muryar maigidana ta taso, "Kala suru, Bagobiri, sai haƙuri! Haka ake yi a Dakar?"

Ana cikin haka Zalika ta shigo, ƙanwar Hajjo, wadda ke aikin gyaran rezo a wani kamfanin sadarwa, ta taso daga aiki ke nan. Ta ji bayani a tsaitsaye, ta bi fil daga ampili da yatsa har bayan firigo. Ta ce, "Inna, ɗan tashi." Ta ɗaga murfi, kiɗa ya fashe. Ta rufe, ta ƙirga da yatsu, ɗaya, biyu, har shida, ya mutu. Ta sake buɗewa ta zura hannu ta ɗago robar.

"Kar ki taɓa!" in ji Hajjo daga ƙofar madafa. "Maganin basir ɗinshi ne!"

Zalika ta kwance leda, ta ɗaga jar laya mai ado da fil biyu suna reto. Ban san yadda zan kwatanta muku ƙarar da ta tashi ba. An ce har masu kayan miya a kasuwa sun ji.

"Yaya Illo," in ji Zalika, "wa ya ɗinke ordinater cikin fata? Abin da ke son iska kamar mai asma?"

"Kariya ce daga ƙura," in ji kan da ke taga.

"To ya karu. Ga wifi kuma ka kulle shi a akwatin ƙarhe."

Hajjo ta ce a fito da shi waje mana a farke fatar. Zalika ta girgiza kai, ta mayar da shi ciki da sauri. Ta ce abin ya kwana uku cikin sanyi, idan ya sha iskar zafin nan zai yi gumi ciki da waje, ruwa ya haɗu da kuran, wato lantarki, ya ƙone. Sai an kashe shi ya bushe har gobe. Aka ce to a soka portabul a ampili kai tsaye kamar da. Maigidana ya ba da labarin inda kan fil ɗin yake, cikin kwata, da sunan wanda ya jefa shi. Wata ta ce a tokare murfin da taɓarya a bar shi buɗe. Hajjo ta ce a wannan rana, kafin la'asar bisap ɗinta zai koma shayi, dage ya yi tsami.

Ga kiɗa ga sanyi, kuma murfi ɗaya ne. Kowa yana duban Hajjo, ita kuma tana duban ƙasa.

Hajiya Kadi ce ta yanke. Ta sa aka tara mata matasai uku a kan babbar kujerar da ta ƙi ɗazu, ta zauna, ta sake duban sama.

"A buɗe a yi waƙa guda, a ruhe a huta abin sha ya yi sanyi, a sake buɗewa. Taɓarya tana da aikin yi a gidan nan. A ce ma wanda ya sa abin ciki ya zo ya riƙe."

Haka aka yi. Illo ya zagayo ta ƙofa, ya naɗa rawani ya rufe fuska saura ido, ya tsaya gefen firigo ya juya wa surukarsa baya. Zalika ta karɓi portabul tana zaɓen waƙa. Murfin nan nauyi gare shi, kuma ba ya tsayawa da kansa. Hajiya ta ce, "A ce ya buɗe," mata talatin da biyu su amsa, "Buɗe!" Kiɗa ya tashi, a yi rawa, enjeniyer yana tallafe da murfi. Waƙa ta ƙare, "A ce ya ruhe." "Ruhe!" A sha bisap mai sanyi har haƙori.

Wasa ya shiga ciki. Wani lokaci Hajiya ta sa a rufe a tsakiyar waƙa, a ci gaba da rawa ana jiran inda za ta yanke, duk wadda shiru ya kama da ƙafa a sama ta fita fili. Madam Zahra'u ta fita sau biyu, ta dawo da rantsuwar an cuce ta. Tsohuwa da kanta ta miƙe da aka sa kiɗan Damagaram, ta taka sau uku da gwiwar da ta ce ba ta lanƙwasuwa. Hajjo tana raba dage tana dariya har ɗankwalinta ya zame. Da ta zo wucewa kusa da mijinta na ji ta ce a hankali, "Sannu, Baban Faisal," ta ɗaga masa gefen rawani ta ba shi ruwa a baki.

Sai dab da magariba aka watse. A zaure Madam Zahra'u ta rungume Hajjo ta ce tun da aka kafa foyandin nan ba ta taɓa yin wuni irin wannan ba. Washegari da Hajiya za ta tafi tasha, ta tsaya a bakin labule ta ce, "A ce mishi bayaninshi dai ban gane ba har yanzu. Amma yana da hannu." Hajjo ta ce wuni ya yi yana sa ta maimaita masa.

Da la'asar ya fito fada, hannun dama a rataye cikin gyale. Bai gama zama ba saƙo ya shigo portabul ɗinsa, daga wadda foyandi zai faɗo wa wata mai zuwa, can Kirkisoy, ƙetaren gada. Ta ce ba ta son Kabiru, ba ta son kowa. A ɗoro mata firigon nan a mota, da layar a ciki, da mai riƙe murfi.

Illo ya sa aka karanta sau biyu. Ya gyara zama ya dubi 'yan fada ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji ko? Har Kirkisoy ana nemana. Ni na hwaɗa muku ba a taɓa jin irinshi ba."

Aka miƙo masa shayi. Ya yunƙura zai karɓa, hannu ya ƙi tashi. Maigidana ya karɓi ɗan kofin, ya kai masa baki, ya ce, "Buɗe."